Jinin Don Teófilo Ya Ƙi Tsayawa

Ƙarfe bakwai da rabi na safe waya ta yi ƙara, Sufeto Aniceto Fretes ko hularsa bai cire ba. Wani mutum ya mutu a asibitin zuciya bayan tiyata. Danginsa sun tare ƙofa, sun ce likitar sa barci ce ta kashe shi, kuma sai an fito musu da ita.

Saje Nilsa Cardozo ce ta tuƙa motar. A hanya ta ce in dai asibiti ne ita a mota za ta jira, don ko jinin kaza ba ta son gani. Ya tambaye ta to wa ya cinye rabin kazar da aka kawo ofis jiya. Ta ce ai wannan gasasshiya ce.

Zafin birnin Asunción ya riga ya sauko lokacin da suka isa. Mutum kusan talatin ne a bakin ƙofa. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Derlis, ɗan mamacin, wani ƙaton makanike. Ya sha gaban Sufeto.

"Da ƙafarsa babana ya shiga, yallaɓai. Ita ta sa shi barci, ita ta kasa tashinsa."

Sufeto bai kalli idonsa ba, bakinsa ya kalla. Akwai ja-ja a haƙoransa. A gwiwar hannunsa kuma jini ya taru ƙarƙashin fata, baƙi ƙirin, faɗin tafin hannu.

"Faɗa ka yi?"

"Jini na bayar. Mu huɗu muka bayar saboda shi, ga sakayyar da muka samu."

A wani ɗan ɗaki bayan ɗakin tiyata suka sami Dakta Liduvina Ocampos. Shekara ashirin tana sa masu ciwon zuciya barci tana tashinsu. Har yanzu da jini a takalmanta. Ta riƙe kofi da hannu biyu.

Ta yi bayani a hankali. Mamacin, Don Teófilo Insfrán, kafinta ne, shekara sittin da shida, jijiyoyin zuciyarsa uku sun toshe. A irin wannan aiki ita ke ba da maganin da ke hana jini daskarewa, don ya iya bi ta cikin injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu. In likitan fiɗa ya gama ɗinki sai ta ba da makarinsa, jini ya koma yadda yake. Ta yi haka fiye da sau dubu. Jiya ma ta ba da makari, ta auna, awo ya ce komai daidai.

Amma jinin bai tsaya ba. Ba daga wuri ɗaya yake fita ba, tsatstsafowa yake ta ko'ina, kamar bango a tsakiyar damina. Ta ɗaura masa ledoji huɗu na ƙwayoyin jini masu toshe rauni, irin rawayan nan, kamar ruwa ta zuba. Sau biyu aka sake buɗe ƙirjin, ba a ga jijiyar da ta ɓalle ba. Da gari ya waye ya cika.

Sufeto ya tambaya ko mamacin na shan wani magani. Ta ce akwai wata ƙwaya mai launin hoda da ke tsinka jini. Ta hana shi ita tun kwana bakwai kafin aiki, da hannunta ta naɗe kwalin da tef. Awon da suke yi kullum ba ya nuna ta. Ko da ya saci jiki ya sha, ledojin nan huɗu sun isa su gyara ɓarnar. Abin da ya hana ta zama ke nan.

"Masu ihun ƙofa ba su ne tsorona ba, Sufeto," in ji ta. "Ƙarfe ɗaya ina da wata mai tiyata."

Malama Zunilda Rolón ce, malamar firamare. Babbar jijiyar ƙirjinta ta kumbura har ta fara tsagewa, ba za ta kai gobe ba.

"In laifin yana cikin magunguna na, ko a hannuna yake, ita ma zan kashe ta. In na ƙi taɓa ta, ta mutu a gado. Ka gaya mini me ya kashe shi kafin in ɗora mata robar numfashi."

Ya miƙe zai fita, sai ya juyo. Ya tambaya ko mamacin ya yi wata magana kafin barci ya ɗauke shi. Ta ce kowa yana yi, wasu addu'a, wasu sunan 'ya'yansu. Shi kuwa riƙe mata hannu ya yi.

"Cewa ya yi, 'Likita, ki tabbata kin tashe ni. Na yi wa waliyyiyarmu, Uwargidan Caacupé, alkawari. In na tashi zan nuna wa matata inda Rufino yake.' Ban san wane ne Rufino ba."

Ɗakin ajiyar jini yana ƙasa. Saje Nilsa ta biyo shi tana kallon rufin ɗaki. A kan wani faranti mai lilo da kansa ledoji huɗu rawaya suna kai da kawowa, kowace da sunan Zunilda Rolón.

Mai kula da ɗakin, Ña Blásida, ta ce doka ɗaya ce ga kowa: mai tiyata danginsa ke kawo masu ba da jini. Na Don Teófilo su huɗu suka bayar, an fitar da ledoji takwas. Huɗu sun tafi jiya, saura ga su nan, malamar ba ta da kowa a gari shi ya sa aka rubuta mata.

"Su huɗu suka zo?"

"Su biyar. Na biyar ɗin tsoho ne, maƙwabcinsu, Anastacio Villalba. Ni na mayar da shi."

"Me ya sa?"

"Kowa sai na tambaye shi ko yana shan ƙwayar tsinka jini. Huɗun suka ce a'a. Shi ya ce yana sha tun da aka sa masa ɗan bututu a jijiya. Na ce jinin mai shanta ba ya toshe komai, ba shi da amfani a nan. Ya ce ya sani. Ya zauna a bencin can yana fifita da hula, yana kallonsu."

Sufeto ya tambaye ta game da hannun Derlis. Ta ce duk su huɗun haka aka yi, sau uku tana canza musu auduga kafin wurin allura ya tsaya. Ta ɗauka zafi ne.

Sufeto ya tsaya yana kallon ledojin suna lilo. Mutum huɗu da ba sa shan ƙwayar, jininsu ya ƙi tsayawa kamar na masu sha. Jinin nan aka ɗura wa mamaci, shi kuma ake shirin ɗura wa malamar.

Ya haura da gudu. Ya ce wa Dakta kada ta taɓa ledojin. Ta ce su ke nan a asibitin kaf. Wani asibiti a ɗaya ƙarshen gari yana da shida, amma na yaransu masu ciwon jini ne, ba za su saki ko ɗaya a kan zato ba. In ya kawo mata tabbaci za ta roƙe su, kuma hanya awa guda ce. Ke nan ƙarfe sha biyu take son amsa.

Agogon bango ya nuna goma da minti ashirin.

Gidan mamacin yana Luque, wani gari a gefen birnin. Saje ta kunna jiniya tun daga ƙofar asibiti, ba ta sake yin wasa ba.

Matar mamacin, Ña Petrona, tana zaune a falo cikin baƙaƙen kaya, mata sun kewaye ta. Sufeto ya yi mata gaisuwa, ya roƙi sauran su ba su wuri. Ta ɗauko kwalin maganin daga bayan hoton aurensu. Tef ɗin likita yana nan yadda aka naɗa shi.

Ya tambaye ta abin da mijinta ya ci tare da waɗanda suka ba da jinin. Ta ce kowa a gidansa yake ci, Derlis da matarsa da 'ya'yan ƙanwar mijinta biyu. Tereré, shayin ganye na ruwan sanyi da ake zagayawa da shi a ƙaho ɗaya ana tsotsa da bututu, shi kaɗai ke haɗa su, kullum ƙarfe goma, a gindin mangwaron kompadre Anastacio, gida na gaba. Shi ya riƙe Derlis ranar baftisma, abin da ake nufi da kompadre ke nan, tun kafin nan ma a can ake zama.

"Wa ke daka ganyayen da ake sa wa a ruwan?"

"Ni ce."

Ta faɗa tana gyara bakin siket. Saje Nilsa ta leƙa kicin, ta dawo da ɗan turmi ta ajiye a kan tebur. Gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa.

"Ña Petrona," in ji Sufeto, "akwai mace a kwance da za a buɗe wa ƙirji ƙarfe ɗaya. Ba ni da lokacin kunya."

Ta sunkuyar da kai. Ta ce fiye da shekara talatin ita ke daka su. Satin nan ne kompadre ya ce hidimar mara lafiya ta ishe ta, shi zai riƙa yi. Ta ɓoye ne don kada 'yan sanda su tayar wa tsoho mai ciwon zuciya hankali a ranar da ya rasa amininsa. Tana cikin magana ta kai hankici hanci. Da ta sauke shi, ya yi ja.

"Tun yaushe?"

"Kwana uku. Kuka ne, ina jin."

"Wane ne Rufino?"

Hankicin ya faɗi a cinyarta. Ta ce ƙaninta ne, ɗalibi, shekararsa sha tara. A zamanin kame-kamen mulkin soja ya fita wata Talata bai dawo ba. Uwarsu ta mutu tana ajiye masa faranti. Ta tambaya a ina ya ji sunan.

Sufeto ya tambaya ko mijinta ya yi maganar wani alkawari. Ta ce ya yi, kwana goma da suka wuce, a gindin mangwaro. Ya ce in ya tashi daga tiyata zai taka da ƙafa har cocin Caacupé don ziyarar ibada, kuma akwai kayan da zai sauke daga wuyansa. Bai faɗi kayan ba. Derlis ya yi ta tsokanarsa, wai ko wata mata ce da shi a garin Encarnación. Kowa ya yi dariya, ban da kompadre, da ya tsiyaye ruwa a kan wandonsa.

Sha ɗaya da rabi ta wuce da minti biyar.

Ƙaramar ƙofa ce ta haɗa gidajen biyu. Mangwaron ya rufe rabin tsakar gidan, kujeru bakwai a da'ira a ƙarƙashinsa, kowace da mai ita. Don Anastacio Villalba yana kan tasa, ramammen tsoho mai tsabta, fulas a ƙafarsa, ƙahon sha a hannu. Ña Petrona ta biyo su, ta zauna a tata kujerar.

Tsohon ya zuba ruwan sanyi a kan ganyen, ya miƙa wa Sufeto. A nan ba a mayar da ƙaho. Ko maƙiyinka ne ya miƙo sai ka karɓa ka tsotsa, kuma ba ka cewa na gode sai ka ƙoshi, don daga wannan kalma an daina miƙo maka.

Sufeto ya karɓa. Sanyin ƙahon ya ratsa tafinsa. Ya riƙe shi a gwiwa, bai kai bututun baki ba.

"Me ya hana ka ba wa kompadrenka jini, Don Anastacio?"

"Allura, ɗana. Tun ina yaro in na gan ta sai in suma. Har Teó dariya yake mini."

"Ña Blásida ta ce ƙwaya ce ta hana."

"Ita ma tana ciki. Tsufa, mutum ya manta wanne ya faɗa."

"Kai ka daka ganye satin nan?"

Tsohon ya yi murmushi, ya nuna kujerun da haɓa.

"Na ga inda ka dosa. Ƙaho ɗaya muka sha, yallaɓai, mu bakwai, bututu ɗaya. Ni ke fara tsotsa ma, kamar yadda aka saba. In da guba a ciki da yanzu duk muna kwance."

"Mutum ɗaya ne a cikinku za a tsaga wa ƙirji."

Saje Nilsa ta zagayo daga bayan gida. A hannu ɗaya turmin katako ne, a ɗayan kuma tarin fatun ƙwaya da aka huda, rabinsu sun ƙone a ramin shara. Ta karkata turmin zuwa haske. A cikin tsagar katakon ɓarɓashi mai launin hoda ya maƙale.

Tsohon ya ce nasa maganin ne, maƙogwaronsa ba ya son ƙwaya, sai ya daka yake sha. Saje ta ce lallai maƙogwaron nan da faɗi yake, tunda ya haɗiye na wata biyu a sati ɗaya. Ya ce bai san wa ya zuba shara a raminsa ba.

Sufeto ya saci kallon agogo. Saura minti goma sha biyu. Turmi da fatun ƙwaya ba za su sa wancan asibiti ya saki jinin yara ba. Ya tuna matar da bai taɓa gani ba, kwance da rigar tiyata, ana aske mata wuri ana shafa mata ruwan magani. Ya ajiye ƙahon a ƙasa, ya matso da kujerarsa har gwiwoyinsu suka kusa haɗuwa.

"An taɓa sa ka barci a asibiti, ka san yadda abin yake. Kafin ido ya rufe baki ke fara sakuwa. Kompadrenka ya riƙe hannun likita jiya. Bai jira ya tashi ba, Don Anastacio. Ya yi mata maganar Rufino."

Murmushin ya tafi. Tsohon bai kalli Sufeto ba, bai kalli ƙofa ba. Idonsa ƙasa ya sauka, daidai ƙarƙashin kujerar Ña Petrona, ya tsaya a nan.

Ita ma ta bi idonsa da kallo.

"Ya rantse mini," in ji tsohon, murya kamar ta wani. "Shekara talatin da takwas ya riƙe. Sai da ya ga wuƙar likita zai tuna da Allah."

"Ka sa ƙwayar a ruwan?"

"Na sa."

"Kwana nawa?"

"Bakwai. Tun ranar da aka hana shi tasa."

Sufeto ya riga ya danna waya. Dakta ta ɗauka a ƙarar farko. Ya ce ƙwayar nan ce mai launin hoda, kwana bakwai, mamaci da masu ba da jini duk sun sha ba su sani ba, mai laifi ya amsa da bakinsa gaban shaidu biyu. Ya ji ta ja numfashi.

"Ke nan ba hannuna ba ne," in ji ta. Ta kashe wayar.

Saje ta kira ofis ta rediyo, ta ce a tura babura biyu wancan asibiti su jira a ƙofa da injin a kunne.

Sauran maganar ta fito da kanta. A wancan zamani Don Anastacio yana cikin waɗanda ake kira masu gashi a tafin ƙafa, don ba a jin takunsu, su ke kai wa hukuma sunan maƙwabta. Shi ya kai sunan Rufino. Shi ya kira yaron gidansa da sunan gyaran rediyo, mutanen gwamnati suna jira a ciki. Yaron ya yi ƙoƙarin haura katanga, suka jawo shi, duka ya wuce yadda suka yi niyya. Suka ce masa ya share tsakar gidansa, suka tafi.

Shi kaɗai ba zai iya haƙa ba. Ya ƙwanƙwasa wa Teófilo, saurayin Petrona a lokacin, ya ce ya zo da shebur, in ya buɗe baki shi ne na gaba. Suka binne yaron a tsakar gidan, da damina ta zo suka dasa mangwaro a kai.

Sufeto ya tambaye shi ko ya san jinin da ɗan baftismarsa ya bayar ba zai toshe komai ba. Ya ce ya sani. Ya tambaye shi ko ya yi tunanin ragowar za a ɗura wa wani.

"Ina zaune ina kallonsu. In na yi magana za a tambaye ni ta ina na sani."

Saje ta sa masa ankwa. Wuyan hannunsa ya yi shuɗi nan take. Ya kira uwar ɗan baftismarsa, "Komadre," amma Ña Petrona ba ta juyo ba. Ta miƙe a hankali, ta ɗaga kujerar da ta zauna a kai tun tana amarya, ta kai ta bakin katanga. Ta dawo ta kwashe sauran shidan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta cire takalmanta, ta tsaya a gefen inuwar, ba ta sake taka ta ba.

Suka fita da shi ta gaban masu zaman makoki.

Ledojin wancan asibitin sun isa ƙarfe ɗaya saura minti huɗu. Daga nan babu labari. Sufeto ya rubuta rahoto, ya yaga, ya sake. Ya kira masu tonon ƙasa ya sa musu ranar gobe. Ya aika a gaya wa Derlis da sauran su je asibiti a duba su, kuma kada wanda ya taɓa reza satin nan. Uku ta yi, huɗu ta yi. Duk lokacin da waya ta yi ƙara sai ya ɗauka da sauri, ya tarar ƙarar satar babur ce.

Biyar da kwata Dakta Liduvina ta kira.

"An rufe ƙirji. Na tsaya minti ashirin ina kallon robar da ke fitar da jini. Ya tsaya, Sufeto."

"Za ta tashi?"

"Gobe da safe zan tashe ta. Wannan aikina ne, na iya shi."

Ya ajiye wayar, ya jingina da kujera. A ƙarƙashin rumfar ofis 'yan sanda sun yi da'ira kamar kullum. Saje Nilsa ta zuba ruwa a ƙaho ta shigo da shi, ta ce ya sha, ita ta daka da hannunta, ba ta sa komai ba sai na'a-na'a.

Sufeto Fretes ya daɗe yana kallon ƙahon. Tun yana ɗan shekara bakwai bai taɓa mayar da zagayen farko ba.

"Na gode, Saje," in ji shi, bai karɓi ƙahon ba.